Awa 20: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sani sarai ba kowa ne zai ji daɗin abin da zan faɗa ba, musamman wasu daga cikin yayyenmu da suka riga mu zuwa ƙasar nan ta Birtaniya, waɗanda daga bakinsu ne sabon zuwa yake fara jin yadda ake zama a nan. To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar ita ce ta aikin neman kuɗi da muke yi a gefen karatu, da wannan mummunar al'ada da ta yi kaka-gida a tsakaninmu ta yin aiki a ɓoye, kuɗi a hannu, babu takarda. Abin da nake so in tabbatar wa mai karatu shi ne, dokar aikin ɗalibai a ƙasar nan fuska biyu gare ta: ɗaya tana taƙaita mu, ɗaya kuma tana kare mu. Mu kuwa, cikin wayonmu, sai muka karya wadda ke taƙaita mu, muka yi watsi da wadda ke kare mu, muka tashi a tutar babu ta kowane ɓangare, sannan muna kiran abin da sunan dabara.

Ban cika mako 3 da sauka a ƙasar nan ba, wani yayanmu ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce, “Ƙanena, ka samu abin yi kuwa?” Na ce, “Yaya, ina dai nema, ko lambar inshorar ƙasa ba ta fito mini ba tukuna.” Ya yi dariya ya ce, “Wace lamba? Kai dai ka shirya gobe in kai ka wajen Alhaji. Fam 7 a awa, kuɗi a hannu duk ranar Lahadi, ba haraji, kuma awa nawa kake so za ka yi. Kowa da haka ya fara.” Mu biyu ya kai wani gidan abinci, ni da abokin zamana. Muka yi yini guda na gwaji a bayan kicin, ba a ba mu ko sisi ba. Da na dawo ɗaki da dare na ɗauki biro na yi lissafin da zan kawo muku a nan gaba, ban sake komawa ba. Abokin zamana ya ci gaba da zuwa. Bayan wata 4 tafasasshen mai ya zube masa a hannu, maigidan ya miƙa masa fam 50, ya ce in ya je asibiti ya ce a gida ya ƙone. Da ya warke ya koma, sai ya tarar an sa wani a gurbinsa, kuɗinsa na mako 3 kuma har yau ana ce masa ya dawo jibi.

Me doka ta ce?

Da yawa daga cikinmu sun amince da sharuɗɗan da ba su taɓa karantawa ba, don haka bari mu fara daga nan. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu domin yin digiri na farko ko na biyu ko na uku, an yarda ya yi aiki na awa 20 a mako a lokacin da makaranta ke ci. Wanda kwas ɗinsa bai kai matakin digiri ba, awa 10 ce rabonsa. Mako kuwa, a ma'aunin ma'aikatar harkokin cikin gida, kwana 7 ne da ke farawa daga ranar Litinin, kuma kowane mako cin gashin kansa yake yi. Wanda ya yi awa 10 a wannan mako, ya yi 30 a mako mai zuwa, ba zai ce ai in aka raba daidai 20 ce ba. Ya karya doka a mako na biyun, shi ke nan. Haka kuma awa 20 ɗin ta dukkan ayyukanka ce a haɗe. In kana yin 12 a kanti, kana yin 12 a gidan kula da tsofaffi, to 24 ka yi. Hatta aikin da ba a biyan ka, muddin an ɗora maka shi da lokacin zuwa da na tashi, yana shiga lissafi.

A lokacin hutu doka ta yarda ɗalibi ya yi cikakken aiki, amma a nan ne 'yan digiri na biyu suka fi faɗawa rami. Hutun da ake nufi shi ne wanda jami'arka ta rubuta a jadawalin kwas ɗinka, kai ɗin nan. Ɗan digiri na farko yana da dogon hutun bazara. Ɗan digiri na biyu mai kwas na shekara guda kuwa, a mafi yawan jami'o'i watannin bazara lokacin rubuta kundin bincikensa ne, kuma zangon karatu ake ɗaukar su ko da ba ya shiga aji. Sau nawa muka ji wani yana cewa, “Ai mun gama lacca, yanzu hutu muke”? Malam, gama lacca daban, hutu daban. Sai kwas ya ƙare a hukumance sannan ƙofa take buɗewa, kuma wanda kwas ɗinsa ya kai wata 12 akan ƙara masa wata 4 a kan bizarsa, waɗanda zai iya yin cikakken aiki a cikinsu, in dai ba gurbin dindindin ya cike ba.

Akwai kuma ayyukan da aka haramta wa mai bizar karatu gaba ɗaya, ko da na awa guda ne. Babba daga cikinsu shi ne sana'a ta ƙashin kai da kasuwanci. A nan nake jin tsoro ga 'yan'uwanmu mata masu yin lalle da kitso da dafa abincin biki suna tallatawa a Instagram da WhatsApp, da samarinmu masu sayar da turare da huluna da kilishi. A gida wannan abin yabo ne, alamar mai zuciyar nema. A nan kuwa, ga mai bizar karatu, saɓa sharaɗi ne. Haka nan kai abinci gida-gida a kan keke ta hanyar manhaja: a watan Nuwamban 2023 kotun ƙolin ƙasar nan ta yanke hukunci cewa masu kai abincin Deliveroo ba ma'aikatan kamfanin ba ne, kuma galibin masu irin wannan aiki a matsayin masu zaman kansu ake ɗaukar su. Wanda kuma ya yi hayar asusun wani yana aiki da sunan da ba nasa ba, ya tara laifi biyu ke nan.

To mene ne hukuncin? Dokar shige da fice ta shekarar 2016 ta mayar da yin aiki ba bisa ƙa'ida ba laifi na kansa, wanda ke iya jawo ɗauri da tara, har da ƙwace kuɗin da aka samu ta hanyarsa. Ana iya soke biza, a sa mutum ya tattara ya koma gida, a hana shi dawowa na tsawon shekaru. Jami'ar da ta ɗauki nauyin bizarka wajibi ne a kanta ta kai rahoto in ta gano ka saɓa sharaɗi, domin ita ma lasisinta take karewa. Mai ɗaukar aiki kuma, daga watan Fabrairun 2024, tarar da ke kansa ta kai fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a karon farko, fam 60,000 in ya maimaita. Kada wani ya ce ai ba a bincike. A watan Janairun 2025 kaɗai jami'an shige da fice sun kama mutum fiye da 600 a samamen da suka kai gidajen abinci da wuraren wankin mota da kantuna da makamantansu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

'Yan'uwanmu da ke karanta wannan mujalla a wasu ƙasashe, kada su ce abin bai shafe su ba. A Amurka awa 20 ce a mako, kuma a harabar jami'a, sai da izini na musamman ake fita waje. Kanada ta tsayar da awa 24 a mako daga watan Nuwamban 2024. Ostareliya awa 48 ce a mako 2 tun daga Yulin 2023. Jamus kwana 140 cikakku take bayarwa a shekara tun daga Maris na 2024, Faransa kuma awa 964 a shekara. Alƙaluma sun bambanta, amma tarkon iri ɗaya ne, masu ɗana shi ma iri ɗaya ne.

Lissafin da ba ma son yi

Yanzu ga lissafin da na yi a daren nan, na sabunta shi da alƙaluman shekarar 2025, kasancewar a kowane watan Afrilu ake sake duba mafi ƙarancin albashi. A Afrilun 2025 doka ta wajabta a biya wanda ya kai shekara 21 aƙalla fam 12.21 a awa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba. Awa 20 a kan wannan farashi ta ba da fam 244.20 a mako. Shi kuma ɗan'uwanmu na bayan kicin mai karɓar fam 7, sai ya yi awa 35 kafin ya haɗa fam 245. Don Allah mai karatu ya sake duba wannan. Kuɗi ɗaya suka tashi da shi a ƙarshen mako. Bambancin kawai shi ne, na biyun ya ba maigidansa kyautar awa 15 na guminsa duk mako, ya rasa lokacin karatu da na barci, ya kuma sa bizarsa da digirinsa a kan faifai. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina dabarar take?

Sai a ce ai ana guje wa haraji ne. Wane haraji? A shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026, fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a cire masa harajin albashi a kai, kuɗin inshorar ƙasa kuma sai abin da ya haura fam 242 a mako ake taɓawa. Wanda ya samu fam 244.20 a mako, duk abin da za a cire masa bai kai fam guda ba. In an yi kuskure an ɗora ka a kan lambar haraji ta wucin gadi aka cire da yawa, hukumar haraji ta HMRC tana mayar maka da kuɗinka idan aka gyara. Ashe ke nan harajin da ake gudu na maigida ne, shi ne ke tsira da kuɗinsa, kai kuma ka ɗauki haɗarin. Maganar lambar inshora ma da aka ruɗe ni da ita ba hujja ba ce: ana iya fara aiki kafin ta fito, muddin ka nuna shaidar izinin aiki ta hanyar lambar da ake cirowa daga asusun bizarka na intanet.

Haƙƙin da muke bari a ƙasa

Fuska ta biyu ta dokar ita ce wadda yayyenmu ba su taɓa zaunar da mu sun faɗa mana ba, wataƙila don su ma ba su sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun shekarar 1998 ƙasar nan take da dokar lokutan aiki, kuma a ƙarƙashinta a yau kowane ma'aikaci yana da hutun mako 5.6 a shekara wanda ake biyan sa albashi yana zaune a gida. Ɗalibi mai awa 20 a mako yana da awa 112 ke nan a shekara, wanda a farashin 2025 ya haura fam 1,300. Wanda aikinsa ba shi da tsayayyun awoyi, daga Afrilun 2024 ana lissafa masa hutunsa a kan kashi 12.07 cikin 100 na awoyin da ya yi, kuma ana iya haɗa masa kuɗin a cikin albashi, amma dole a nuna shi daban a takardar biya. Ranar da ka bar aiki, duk hutun da ka tara ba ka ci ba, wajibi ne a biya ka kuɗinsa. Mutum nawa ne a cikinmu suka bar aiki suka tafi ba su ko tambaya ba, suna ganin rashin kunya ne? Wannan kuɗi haƙƙinka ne, ba alfarma ake yi maka ba.

Bugu da ƙari, tun daga Afrilun 2019 kowane ma'aikaci yana da haƙƙin a ba shi takardar biya, kuma in albashinsa ya danganta da awoyi, sai an rubuta yawan awoyin a ciki. Wanda ya yi aikin da ya wuce awa 6 a yini yana da hutun minti 20 ba tare da an katse masa ba. In an cire maka kuɗin yunifom har albashinka ya faɗo ƙasa da mafi ƙarancin da doka ta tsayar, an zalunce ka. 'Yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi gida-gida su sani, lokacin da suke ɓatawa a hanya daga gidan wannan dattijo zuwa na wancan, lokacin aiki ne a wajen lissafin mafi ƙarancin albashi. Wanda aka tauye yana da inda zai je: akwai hukumar sulhu ta Acas, akwai ofisoshin Citizens Advice da ke ba da shawara kyauta, HMRC na bin kadin mafi ƙarancin albashi, sannan ga kotun ma'aikata, sai dai wa'adin kai ƙara gajere ne, ba a yi masa jinkiri.

To duk wannan kariya, ta wanda ya shigo ta ƙofa ce. Shi wanda ya haura ta katanga, da wane baki zai kai ƙara? Zai je ya ce an hana shi kuɗin awa 35 da bai kamata ya yi ba? Abokin zamana ya san wannan, maigidansa kuma ya fi shi sani. Shi ya sa tun farko ya fi son ɗaliban da za su wuce awa 20, domin daga ranar da ka wuce, bakinka ya rufe, igiyarka kuma ta koma hannunsa.

Su wa ke cin moriyar?

A nan ne maganar take da ɗaci. Galibin masu yi mana wannan ba Turawa ba ne. Baƙi ne irinmu, wasu ma sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallaci, mu gaisa da su cikin harshe ɗaya. Suna fakewa da 'yan'uwantaka su ce taimako suke yi. Wane irin taimako ne ka biya ɗan'uwanka kusan rabin abin da doka ta tilasta maka ka biya baƙon da ba ka sani ba? In da gaske taimako ne, ka sa shi a takarda, ka ba shi awa 20, ka biya shi cikakke. Malamanmu a gida ba su bar mu cikin duhu ba game da girman haƙƙin ma'aikaci da kuma nauyin cika alƙawari. Maigidan da ke danne gumin ɗalibi ya ji tsoron Allah, haka shi ma ɗalibin ya tuna cewa sharuɗɗan biza alƙawari ne da ya ɗauka da hankalinsa, ba wanda ya tilasta shi.

Sai kuma yayyenmu masu kai ƙanne. Na yarda wasu da kyakkyawar niyya suke yi, abin da suka tarar ke nan. Amma hujjar “mu ma haka muka yi, ba abin da ya same mu” ta mutu. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tun shekarar 2013 masu ɗaukar aiki suke aika wa hukumar haraji bayanin albashi ta kwamfuta duk lokacin da suka biya, biza ta koma ta intanet, kamfanonin kai abinci sun tsaurara binciken masu aiki da asusun wasu tun daga 2024. Yaya, kai ka riga ka haye, ka samu takardun zama. Wanda kake turawa shi ne zai amsa tambayoyi ranar da ya je neman bizar bayan kammala karatu. Ranar ba za a gan ka ba.

Na uku su ne ejan-ejan na gida masu nemo wa mutane gurbin karatu, waɗanda ke zaunar da iyaye a Kano da Kaduna da Abuja suna cewa, “Alhaji, kai dai ka biya kason farko, sauran yaro zai yi aiki ya biya da kansa.” Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma alƙaluma sun isa shaida. Fam 244.20 a mako ya kama kusan fam 1,058 a wata. Ita kanta gwamnatin Birtaniya, daga watan Janairun 2025, ta ƙiyasta cewa ɗalibi yana bukatar fam 1,136 a wata domin ci da sha da haya a wajen Landan, fam 1,483 a cikin Landan, kuma ta sake ɗaga alƙaluman bayan haka. Ke nan awa 20 ko zaman wata ba ta cika riƙewa ba, balle kuɗin makaranta na dubban fam. Duk wanda ya taso daga gida a kan wannan lissafi, kallon kitse ya yi wa rogo, kuma tun kafin jirginsa ya tashi an riga an tura shi bakin rami.

Uzurin da ake kawowa

Na san abin da za a ce mini: kai mai rubutu, ka san yunwa kuwa? Na sani, kuma ba na raina halin da kowa ke ciki. A watan Yunin 2023 gwamnatin Nijeriya ta saki naira, dalar da ake samu a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Iyayen da suka yi tanadin shekara guda suka wayi gari kuɗinsu bai kai na wata 5 ba. Duk mun ji labarin ɗaliban Nijeriya a jami'ar Teesside da aka umarta su bar ƙasar nan a watan Mayun 2024 saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Ga kuɗin lafiya da ake karɓa tare da biza, wanda aka ɗaga wa ɗalibai daga fam 470 zuwa fam 776 a shekara a watan Fabrairun 2024. Ga 'yan'uwa a gida da ke ganin duk wanda ya taka Ingila ya zama attajiri, waya ba ta yankewa. Ni ma ina ganin akwai rashin adalci a tsarin da ke karɓar kuɗinmu ninki-ba-ninki, sannan ya ƙirga mana awoyi kamar ƙwayar magani.

To amma matsi ba ya sauya lissafi. Wanda ke cikin matsi shi ya fi kowa bukatar kada a ƙware shi. In dokar ba ta yi mana daɗi ba, akwai ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'i, akwai cibiyar UKCISA da ke kula da al'amuran ɗaliban ƙetare, a nan ake kai kuka a yi ta bugawa har a ji. Karya dokar a ɓoye ba ya canza ta, sai ma ya ba masu son a rufe mana ƙofa hujjar da suke nema, su ce ai ba karatu ya kawo mu ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ƙannenmu da ke shirin zuwa su ne za su girbi abin da muka shuka. Sannan mu tambayi kanmu: me ya fito da mu daga gida? Mahaifi ya sayar da fili, uwa ta sayar da sarƙarta, ko jiha ta biya da kuɗin talakawa, don a kawo digiri. Ɗalibin da ya kwana a sito yana ɗaukar kwalaye, ya zo lacca yana gyangyaɗi, ya faɗi jarrabawa, ko aka kore shi saura wata 2 ya gama, garin neman gira ya rasa ido. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fitar da shi.

Ina mafita?

Ga ɗalibi, shawarata mai sauƙi ce. Ka karanta sharuɗɗan bizarka da idonka. Ka karɓi takardar jadawalin zango da hutu daga jami'arka, ka ba mai ɗaukar ka aiki kwafi, ka ajiye naka. Ka samu ɗan littafi kana rubuta awoyinka daga Litinin zuwa Lahadi, kuma in manaja ya roƙe ka ka rufe gurbin wani alhali ka cika 20, ka ce a'a, ko da zai ɓata rai. Ka adana kowace takardar biya, ka duba ko kuɗin hutu na ciki. In kuɗin makaranta ya gagara, ka je ofishin kuɗi da na kula da ɗaliban ƙetare tun kafin wa'adi ya cika, ka nemi a rarraba maka biya, ka tambayi ko akwai asusun tallafi. Matambayi ba ya ɓata. Ka kuma faɗa wa mutanen gida gaskiyar abin da kake samu da abin da kake kashewa, kunya ba za ta biya maka haya ba.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, da girmamawa nake cewa mun yi sake. Muna iya tara kuɗin walimar Sallah, muna iya kwana muna rigimar zaɓe, amma ba mu taɓa ware yini guda a watan Satumba ko Janairu mun zaunar da sababbin zuwa mun karanta musu waɗannan dokoki da Hausa ba. A cikinmu akwai masu karatun lauya da na akanta, me ya hana a yi amfani da su? Me ya hana mu kafa asusun rance marar ruwa, ko da fam 5 ne kowa zai riƙa sakawa a wata, domin wanda haya ta kama kada ya faɗa hannun masu jiran irinsa? Me ya hana mu daina tallata aikin “kuɗi a hannu” a zaurukanmu, mu kuma daina ɗora masu cin gumin ɗalibai a kan babban tebur ranar taro don sun ba da gudummawar shinkafa?

Daga ƙarshe, ina roƙon duk wanda maganata ta sosa wa rai ya yi haƙuri, ba da wani mutum nake ba, da ɗabi'a nake. Wanda yake ganin lissafina ba daidai ba ne, ga fili ga mai doki, ya ɗauko biro ya kawo nasa a fitowa ta gaba, zan karanta da zuciya ɗaya. Amma kafin nan, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abokin zamana har yanzu tabon ƙuna yana hannunsa, kuɗinsa kuma yana aljihun wani. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya kare mu daga sharrin kwaɗayi, ya sa mu gama abin da ya kawo mu lafiya, mu koma mu tarar da iyayenmu cikin farin ciki. Amin. Wassalam.